Layin da Na Hura Wuta da Shi

Laraba, 9 ga Agusta, da hantsi

Yau na ƙona ilimi da hannuna, kuma shayin bai yi daɗi ba.

Gawayi ya jiƙe da ruwan jiya. Shekara ashirin da takwas ban hura wuta a gidan nan ba. Salmatu matata ke yi, ni nawa in sha in ce sukari ya yi kaɗan. Tun da ta tafi a tasha nake karyawa, yau na ce bari in nuna ni ma mutum ne. Rabin kwalin ashana ya ƙare. Sai na hango littafin Injiniya bisa tebur. Injiniya ɗiyata ce ta fari, shi ya sa ko a takarda hannuna ba ya yarda ya rubuta sunanta. Na buɗe, na bi shafi-shafi, na zaɓi wanda rubutunsa ya fi ƙaranci: layi ɗaya tal a sama, sauran fari fat. Don girmama boko na yi haka. Ko ni da na gudu daga aji biyu na sakandare na san ba a ƙona cikakken shafi.

Nan take wuta ta kama.

Ina cikin kurɓa Injiniya ta kira daga Maraɗi. Mako uku ke nan da ta kai uwarta asibiti can garinsu, wai kwana uku za su yi. Suna can aka rufe boda.

"Baba, littafina mai shuɗin bango yana nan?"

"Yana nan lafiya lau," na ce, ina kallon toka.

"Kada kowa ya taɓa shi. Ba zan iya barin Inna ba. Kai za ka ƙarasa mani aikin."

Na ce ai ni da kwamfuta sai gaisuwa daga nesa. Ta ce karatu da kwafa kawai ake so, shafi bayan shafi, kada in tsallake komai. Na ce to.

Alhamis, 10, bayan Azahar

Bari in rubuta abin yadda na gane shi, don in na mance in duba.

Wani kamfani a Kano ya ɗauke ta gwaji na wata uku. Aikinta wani ɗan akwati ne baƙi, bai fi kwalin sabulu ba. Ana saka shi ƙarƙashin kujerar direba, shi kuma ya riƙa gaya wa mai mota inda motarsa take. Na yi shekara ashirin ina jan babbar mota kafin ido ya mai da ni ɗan kamasho a tasha, don haka na san abu ɗaya: a hanyar nan tamu, akwai waɗanda in sun riga mai mota sanin inda mota take, direba ba ya kwana gida. Dole saƙon ya fita a kulle. Makullin lissafi ne, wasu masana suka rubuta suka bar wa duniya, amma a warwatse yake kamar injin da aka kwance. Sai an haɗa. A kwamfuta ake haɗawa, amma ba don ita ba, don ƙwaƙwalwar akwatin, wadda ƙarama ce kuma ƙirarta daban. Kamar ka ƙera ƙarfen babur a garejin tirela.

Malam Hamza, ogan nata, zai zo ranar Lahadi 27 ga wata. In ya ga koriyar fitila a jikin akwatin, aiki ya zama nata. In ja ce, akwai mutum uku a layi.

Na kwashi kayan zuwa shagon Zunnuraini mai cajin waya, don shi ke da sola. Tare muka yi ƙuruciya, tare aka kore mu daga aji. Da yatsa ɗaya na yi ta danne-danne. Gefe ɗaya take rubutu, kuma ta sa wa kowane shafi lamba. Biyar. Shida. Takwas.

A makarantar da na yi ma haka muke ƙirga.

Rubutu ya fara gudu a fuskar kwamfuta, fari bisa baƙi, ba tsayawa.

"Direba, me take cewa?" in ji Zunnuraini.

"Tana gaishe ka. Ta ce ka daina rina gemu, kowa ya sani."

Awa huɗu tana gudu.

Juma'a, 11, bayan an sauko masallaci

Ta gama ba tare da ƙorafi ko ɗaya ba. Na ce ashe shafi na bakwai ado ne. Na jona waya, na tura wa akwatin kamar yadda shafi na sha ɗaya ya ce.

Ja.

Na ɗauki hoton fuskar kwamfuta da wayar Zunnuraini na aika mata. Ta ce akwatin cewa yake bai san wannan abin ba, ba nashi ba ne. "Ka bi duka, Baba?"

"Kamar limami da sahu."

Asabar, 12, La'asar

Yusha'u ya shigo ta daji da buhu biyu a bayan babur. Ƙanen Salmatu ne, abokin wasana, tun yana da majina nake tsokanarsa.

"Tsoho, kabu-kabu na nan hwa. Hau mu tahi ka gano matarka. Awa biyu ce in gulbi bai cika ba. Ko jandarma kake tsoro?"

"Tuƙinka nake tsoro. Wa ya ba ka lasin, makaho?"

Ya kira ta ya ba ni. Muryarta ta yi siriri amma ita ce. Ta tambayi ko ina cin abinci, na ce har na yi tumbi. Ta ce, "Malam, zauna ka gama wa yarinyar nan aikinta. Ta sha wahala a kanshi."

Ita ta faɗa. Yusha'u ma ya ji.

Ban je ba.

Lahadi, 13, da rana

Ranar kasuwa ce wai. Motocin albasa sun yi layi a Magama bakin boda, warin ya iso har tasha.

Litinin, 14, bayan La'asar

Na sake daga farko. Awa huɗu. Ja.

Muna waya da Injiniya, ina jin ƙarar wani abu yana ɗiga-ɗiga a bayanta. Ta ce, "Laifina ne. Wani wuri na rubuta ba daidai ba. Ina ta bin littafin a kaina, ban gano ba. Kaina ba ya aiki, Baba, kwana uku ban yi barci ba."

Na ce kan da ya gaji nawa ai dole ya riƙa tsayawa a hanya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce cajinta zai ƙare, wuta ba ta zama can.

Na iya hura gawayi yanzu. Da bawon rake.

Talata, 15, da safe

An yi ruwa. Ban buɗe kwamfuta ba. Ban je ba.

Laraba, 16, gab da Magariba

Salmatu ce ta sa aka kira. Sai da na toshe ɗayan kunnen kafin in ji ta.

"Malam."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Ba ka zuwa?"

Na ce ina zuwa mana, ina jiran a wanke mani babbar riga ne, kada likitocin Maraɗi su raina mijinta. Na ce kuma in na zo wa zai tsare mata kajinta, jar nan ta fara kallon zakaran maƙwabta. Na yi ta zuba. Can na ji numfashinta ya canza, irin na dariyar da ba ta da ƙarfin fitowa. Ko ba dariya ba ce. A waya ba a ganewa.

Na taɓa shiga irin ɗakin nan sau ɗaya, lokacin tsohuwata. Na faɗi abin dariya, ba wanda ya ɗago kai. Ban san me ake yi da hannuwa a wurin ba.

Kajin suna lafiya. Guda tara.

Alhamis, 17, da hantsi

Injiniya ta ce in ɗauki hoton kowane shafi in aiko, za ta bi da idonta.

Na ɗauka. Na aika. Na zauna bisa bencin Zunnuraini ina kallon wayoyin mutane suna shan wuta. Minti goma ba a yi ba.

"Baba, ina bakwai?"

Na shirya amsa uku tun a hanya: ɓera, yoyon rufi, da akuya. Ta akuyar ta fi kyau, har da yadda na bi ta da gudu.

"Na hura wuta da shi," na ce. "Ranar da kika fara kira. Kafin ki kira."

Na ɗauka layi ya yanke.

"Layi ɗaya ne a ciki," na ce.

"Shi ne ke gaya wa kwamfuta don wa take ginin. In babu shi, kanta take gina wa." Ba ta ɗaga murya ba. Uwarta ma ba ta ɗagawa. "Kwana takwas, Baba. Ina zaune gefen gadonta ina neman kuskurena."

Na ce shayin ma bai yi daɗi ba.

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ta kashe.

Zunnuraini ya ji duka. Ya ci gaba da goge gilashin wata waya da ba ta da datti.

Juma'a, 18, da safe

Ta kira ba gaisuwa. Ta karanto layin daga ka, harafi-harafi, ina rubutawa a bangon littafin ta ciki. Dogo ne, da 'yan sanduna a tsakani. Na maimaita mata sau biyu. Ta ce tana jin haka ne, ba ta da tabbas da ƙarshen.

Na ce, "Ya mai jiki?"

Ta ce, "Ka gina."

Asabar, 19, bayan Azahar

An samu ci gaba. Yanzu akwatin yana karɓa, fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf sau biyu kamar za ta yi magana, sannan ta koma ja. Da ƙin buɗe ƙofa yake yi, yanzu yana buɗewa ya kalle ni ya rufe. Zunnuraini ya ce haka surukaina suka yi mani a zuwan farko.

Na aika hoto. Ba ta buɗe ba.

Lahadi, 20, La'asar sakaliya

Na ce ko ni na kwafa ba daidai ba, bari in sake. Ginin ya yi rabi sai ga Yusha'u a ƙofar shago. Ba buhu a bayan babur. Bai kashe injin ba.

"Yaya," ya ce. Bai taɓa ce mani Yaya ba. "Tashi mu tahi."

Na nuna mashi rubutun da ke gudu. Na ce saura awa biyu, in aka rufe yanzu sai an koma farko.

"Bar ma Zunnuraini."

"Wannan? Sunansa ma da ƙyar yake rubutawa."

"Ni zan zauna," in ji Zunnuraini. "Ai kallo ne kawai. Tashi, Ɗanladi."

Na ce akwai abin da ake dannawa a ƙarshe. Gaskiya akwai. Maɓalli ɗaya ne.

Yusha'u ya kashe injin ya zauna bisa babur ɗin, bai shigo ba. Ya yi awa ɗaya. Hadari ya haɗo daga gabas. Ya ce in ruwan nan ya sauka gulbi zai cika, kuma an bar Injiniya ita kaɗai da lokotoro, wato likita. Ya kalle ni. Na kalli kwamfuta.

Na ce gobe da sassafe.

Ginin ya gama lafiya. Na danna maɓallin. Ja.

Litinin, 21

Waya ta yi ƙara ina alwalar Asuba.

Litinin, da hantsi

Sun ce ba za a jira ni ba, za a yi wa Salmatu sutura can, gulbi ya cika. Daidai ne. Haka ake yi.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ban san wa ya kawo su ba.

Talata, 22, da yamma

Mutane. 'Yan tasha duka, mutanen Gangara, wasu daga ƙauyen Kusa da ban gane su ba. Kowa ya ce ya haƙuri, in ce da godiya. Na ƙirga har ɗari da sha huɗu na bari.

Wani tsohon yaron motata ya zauna kusa da ni yana jira in faɗi wani abu. Na ga yana jira. Na ce mashi shinkafar ta yi gishiri. Ya yi dariya don ya taimake ni.

Matan maƙwabta sun shiga ɗakin girki. Sun san inda komai yake, ni ban sani ba.

Laraba, 23, bayan addu'ar uku

Saƙo ya shigo wayar Zunnuraini, ya kawo mani har tabarma. Daga Injiniya ne. Ba sallama, ba komai. Harafi biyu:

hf

Sai wani a ƙasa: "A ƙarshen layin. Na tuna."

Na daɗe ina kallonsu. Liman ya ɗauka wata addu'a ce aka aiko, ya ce Allah ya karɓa. Na ce amin.

Alhamis, 24, Azahar

An naɗe tabarmi. Na koma shago. Na ƙara harafi biyun. Awa huɗu.

Dangin uwarta sun ce Injiniya ba za ta taso ba sai an yi bakwai. Bakwai ranar Lahadi ce. Malam Hamza ma ranar Lahadi.

Kajin takwas. Ban san ina ɗayar ta yi ba.

Juma'a, 25, bayan La'asar

Ba ja ba, ba kore ba. Ruwan ɗorawa. Tun safe take a haka.

Na aika hoto. Ta amsa a rubuce, ba ta kira ba. Ta ce ginin ya yi. Yanzu akwatin yana son ya ƙera makullinsa na kansa, wanda ba wanda zai iya cankarsa, kuma ba ya iyawa sai ya tara abin da ba shi da tsari. A cikinsa akwai abin da ke jin girgiza, daga nan yake tarawa. An yi shi don mota ne. Bisa tebur zai iya kwana uku yana jira.

"Ka girgiza shi. Ba da tsari ba."

Na riƙe shi ina kaɗawa kamar mai kiɗan caki. Zunnuraini ya ce da tsari nake yi, hannuna ya saba da sitiyari. Ya karɓa ya gwada, nashi ya fi nawa tsari. Tsofaffi biyu a shago suna kaɗa kwalin sabulu. Wata mata ta zo karɓar wayarta, ta yi mani ta'aziyya, ina kaɗawa ina amsawa.

Ruwan ɗorawa.

Asabar, 26, da hantsi

Na ari babur ɗin Zunnuraini. Na ɗaure akwatin da ɗan batirinsa a kariya da roba, fitilar tana kallon sama. Na ce in rashin tsari ake nema, hanyoyinmu sun tara na shekara talatin.

Ban zaɓi hanya ba. Na bar kwalta, na bi ta gefen gonaki, ramuka, tushen gero, kwatar da ruwa ya ci. Ina tafe ina waiwaye. Na wuce motocin albasa, yanzu direbobin sun zubar da rabi a gefen titi, awaki ma sun ƙi. Na sake hawa kwalta, ban ankara ba sai ga shingen boda.

Wani jami'i yana zaune a inuwa, ya ɗago hannu da kasala.

"Baba, ina zuwa? An rufe."

"Na sani, ɗana. Kaya nake girgizawa."

Ya kalle ni, ya kalli abokinsa. Na waiwaya.

Kore.

Na kashe babur. Daga nan ana hango itatuwan ƙetare, irin namu ne sak. Hanyar da su Yusha'u ke bi tana hagu, bayan wata tsamiya, kowa ya sani, jami'in ma ya sani. Minti talatin da biyar na yi daga shago zuwa wurin. Na duba agogo. Ban taɓa aunawa ba.

Na juyo. Akwatin ba ya son rana.

Lahadi, 27, bayan Azahar

Malam Hamza ya zo da ƙaramar mota, saurayi ne mai gilashi, ya girmi Injiniya da kaɗan. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Ya ce da an gaya mashi da ya ɗaga ranar.

Da ya ɗaga ranar.

Na ce ba komai.

Ya jona akwatin da tashi kwamfutar, ya sa direbansa ya zaga da shi tasha ya dawo. Ya nuna mani fuska biyu. A ɗaya, abin da ɗan leƙen asiri zai gani in ya tare saƙon: tarkacen haruffa kamar kaji sun bi ta kan tawada. A ɗayar, ɗan ɗigo yana zagaya tashar Jibiya.

"Wa ya gina wannan?"

"Ita. Ni yatsa na ba da aro."

Ya ce a gaya mata ta huta, ranar ɗaya ga wata ta fara, ba gwaji. Ya ce an yi sa'ar uba. Zunnuraini ya tashi ya fita waje.

A daidai lokacin ana raba wainar bakwai a Maraɗi. Yusha'u ya ce an yi jama'a.

Lahadi, gab da Magariba

Na kira. Ta ɗauka a bugu na huɗu.

"Kore," na ce. "Ya ce ɗaya ga wata."

"To."

"Ya yaba ƙwarai."

"To, Baba. An gode."

Na ji muryoyin mata a bayanta, da ƙarar kwanuka. Na ce yaushe za ta taso, in sa a share ɗakinta.

"Ba yanzu ba. Ranar Lahadin nan da Kawu Yusha'u ya dawo shi kaɗai, Inna ta ba ni saƙo in ba ka."

"Ina ji."

"Ba a waya ba. Ta ce in ka zo."

Na ce ko ta ɗan gutsura mani, in san irin rigar da zan sa.

"In ka zo," ta ce.

Litinin, 28, bayan Asuba

Gulbi ya janye. Yusha'u ya ce ƙarfe bakwai, a bakin tsamiya, kuma ba zai kashe injin ba.

Na ba matar Zunnuraini kajin. Na mai da kwamfuta bisa tebur na rufe ta da zane. Ban san ko saƙon faɗa ne ko yafiya ko inda ta ajiye wani abu ba. Ko wanne ne nawa ne, kwana takwas yana jirana a bakin yarinyar da ta ɗauke shi ita kaɗai. Daga nan sai a nuna mani inda aka kwantar da Salmatu, in tsaya.

Tun da na idar da salla nake neman abin da zan faɗa in na shiga gidan, wanda zai sa ko mutum ɗaya ya murmusa. Duk tsawon rayuwata ban taɓa shiga gidan surukai hannu rabbana ba.

Ban samu ba. Bakwai saura kwata. Haka zan shiga.